Hannun Baffa Buba

Samarin da ke zama a kan benci a bakin tasharmu ta Ƙofar Ruwa sukan ce aikina ba aiki ba ne. Wai me ke cikin ɗaure babur a bayan mota? Ka tura shi sama, ka ja bel, ka sauko ka sha shayi. Ba na musu da su. Amma tun da na fara iya riƙe biro a ajin yaƙi da jahilci na ƙudurta zan rubuta musu yadda abin yake, su karanta da kansu. Kuma ba yadda zan ba da labarin sana'ar nan ba tare da labarin hannun dama na maigidana Baffa Buba ba, domin hannun nan ne ya koya mini aikin, kuma a kan idona aikin ya cinye shi.

Baffa Bafillace ne, iyayensa makiyaya ne da suka zauna a Dukawuya. Kafin babura, shanu yake ɗaurewa a motocin da ke zuwa Kudu. Ni kuwa ɗan Dala ne, dako nake yi a kasuwa har bayana ya fara ciwo, sannan na zo wurinsa, da aurena da 'ya'yana. Hannunsa ne abin da na fara lura da shi. Tafin kamar ƙasan takalmi, yatsun dogaye, kuma yana iya ƙulla igiya yana kallon wani wuri yana hira.

Aikin farko da na yi a gabansa wani tsohon babur ne na wani malamin asibiti da aka yi wa canjin wurin aiki zuwa Haɗeja. Na tura shi bayan a-kori-kura, na kafe shi a kan jak, ƙarfen da yake tsayawa a kai, na bi shi da igiya tun daga tanki har kariyar ɗora kaya ta baya, kamar ina ɗaure buhun gero. Baffa ya bar ni har na gama. Sai ya sa tafin hannu ɗaya ya danna kan babur ɗin. Duk igiyata ta yi sako-sako.

Ya ce, "Garba, buhu idan ka ajiye shi ya kwanta ke nan. Babur numfashi yake yi. Ka ga ƙafarsa ta gaba? Lotsawa take yi tana tasowa. Idan ba ka kama numfashin ba, ba ka kama komai ba."

Ranar na koyi tsarin da har yau nake bi. A ɗage jak, domin jak huda katako yake yi ko ya karye. A rufe fetur, a sa babur a giya. A manna tayar gaba da katako, a sa mata weji, guntun itacen da zai tokare ta. Igiya ta fito daga ƙasan kan babur, wurin ƙarfe, ba kan robar hannu ba, ba kan wayar birki ba, ɗaya dama ɗaya hagu, kowacce ta yi gaba ta yi ƙasa. A ja nan kaɗan, a ja can kaɗan, har shakazoba, wato abin nan mai lotsawa a ƙafar gaba, ta lotsa kamar rabi. Idan ka matse ta gaba ɗaya za ta fashe ta zubar da mai, idan ka bar ta za ta yi rawa. Sannan a kama baya, a sa tsumma duk inda igiya za ta goga fenti. Madubi kuwa a kwance shi a ba mai babur ya sa a aljihu, in ya fashe can ba ruwanmu.

Akwai ƙa'ida biyu da Baffa ba ya wasa da su. Ta farko, babban lodi ba a sallamarsa daga tasha. Mai ɗauri yana hawa bayan motar ya bi kayansa, in hanyar Katsina ce har Dawanau, a tsaya, ya sake bin kowace igiya ya ƙara ja, domin girgizar farko tana sassauta kowane ɗauri. Daga nan ya hau motar haya ya dawo. Ta biyu ya kawo ta ne daga wurin shanu: kada ka taɓa naɗa igiya a hannunka. Yakan ce sa idan ya fizga ba ya tambayar hannun waye. Na sha ganinsa ya doke hannun mutum saboda wannan.

Masu kawo mana aiki iri-iri ne. Akwai ɗan kasuwa mai kai sababbi ƙauye, wannan ba ya magana, agogo kawai yake kallo. Akwai wanda ya sayi babur ɗinsa na farko, shi zai tsaya a kanka yana cewa a hankali, a hankali, kamar amarya kake ɗorawa. Akwai kuma 'yan'uwan ɗan acaɓan da ya rasu a birni, su zo a kai babur ɗinsa gida don rabon gado. Irin wannan Baffa da kansa yake ɗaurewa, kuma ba a hira.

Da soja suka sauka aka koma mulkin farar hula, sai babura suka cika gari. Duk wanda ya ci zaɓe sai ya raba wa mutanensa, wanda yake neman ci ma haka. A lokacin ne bel ya shigo mana. Wani direban tirela, Alhaji Modu, shi ya fara kawo su daga Kwatano. Faffaɗan zare ne mai ƙarfi, da ƙugiyar ƙarfe a kowane baki, da wani hannu da ake yi wa sama da ƙasa yana ƙara kat-kat-kat yana matsewa. Modu Babarbare ne, ƙato, kuma tsakaninsa da Baffa akwai wasan nan na Fulani da Barebari.

Ya jefa bel ɗaya a gaban Baffa ya ce, "Ga shi nan, bawana. Na 'yanta ka daga igiyar shanu."

Baffa ya juya shi ya ce, "Abin da ba a ƙullawa ai ba ɗauri ba ne. Amma me Babarbare ya sani ban da cin kifi?"

Duk da haka da ya gwada sai ya yarda. Aikin da igiya take cinye mana wuni, bel kafin azahar an gama. Ka rataya ƙugiya a zoben ƙarfen da ke gefen mota, ka ja hannu, shi ke nan. Mun yi lodi da yawa da su, har Sakkwato, har Nguru, ko kwarzane ba a taɓa kawo mana ƙara ba.

Lodin da nake son ku ji na wani ɗan majalisa ne da zai yi rabo a garinsu, can gaba da Dawanau. Tirelar Modu ce, irin shimfiɗaɗɗiyar nan marar bango a gefe. Muka jera sababbin babura layi biyu, da 'yar hanya a tsakiya. Muka gama da hantsi. Baffa ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana danna kansu da tafin hannu, babu wanda ya motsa.

Sai ga motocin bas cike da mutanen garin, da makaɗa, da tutoci. Sun zo rakiya. A cikinsu na ga Tasi'u tela, maƙwabcin shagon ƙanina a Dala. Shi ɗan can garin ne, kuma shi ya ɗinka tutocin nan da hulunan, aka yi masa alkawarin babur. Ban san wanda ya fara faɗa ba, amma magana ta zagaya cewa mutane sun fi babura yawa, in an je can wasu za su tashi a banza. Kafin mu ankara wani ya kama gefen tirela ya haye, ya zauna a kan babur ya riƙe kansa da hannu biyu. Sai kowa ya ruga. Cikin ɗan lokaci babu babur ɗin da ba mutum a kai. Tasi'u ya samu na can ƙarshe, a layin hagu, dab da wutsiyar mota.

Baffa ya je wurin wanda ke shugabantar tafiyar, wani mai suna Sale, ya ce, "Malam, a sauko da su. Za su kwarzane fenti da takalma."

Sale ya yi dariya ya ce, "Baba, ai nasu ne. In ka iya sauko da su, bismillah. Ni ba zan iya ba. Kuma ma ya fi kyau a shiga gari a haka, jama'a su gani."

Fenti kawai Baffa ya ambata, domin fenti kawai muka sani. A ƙasar nan kowa yana hawa kan kaya. Ana zama a kan buhunan masara, ana zama a kan sandunan motar shanu. Ba wanda ya taɓa zama a kan babur ɗin da muka ɗaure da bel mota tana gudu, don haka daga ni har Baffa har Modu babu wanda ya san abin da zai biyo baya.

Muka tashi. Motar jiniya a gaba, motocin manya, mu, sannan bas-bas a baya. Ni na zauna a gaban lodi na jingina da kan mota, Baffa ya zauna a wutsiya da igiyarsa a kafaɗa. Sale yana ciki kusa da Modu. Tun daga Kurna aka fara kiɗa, mutanen nan suna waƙa suna tsalle a kan kujerun babura kamar suna sukuwa.

Da muka iso Dawanau na ji Modu ya rage gudu ya fara ratsewa, kamar yadda aka saba. Sai motar jiniya ta dawo gefensa ana yi masa hannu ya wuce. Daga baya ya gaya mini Sale ya ce ayarin manya ba ya tsayawa a hanya, ana jiran su. Na hango Baffa ya miƙe tsaye yana ɗaga hannu. Muka wuce.

Ba mu yi nisa ba na ji wata 'yar ƙara a ƙarƙashin kiɗan, ƙyal, kamar an yar da cokali. Na duba babur ɗin da ke gabana. Mutumin da ke kai ya yi tsalle ya dira, shakazoba ta lotsa har ƙasa, fiye da inda muka matse ta, bel ya yi laushi, ƙugiya ta ɗaga a cikin zobenta ta koma. Ya sake dira, ta sake ɗagawa. Na kai ido gaba, sai na ga wata ta riga ta fita tana jan ƙasa. Igiya ko ta yi sako-sako tana nan a ƙulle. Ƙugiya bakinta a buɗe yake, ja ne kawai yake riƙe da ita.

Na yi ihu, "Ku daina tsalle! Don Allah ku zauna!" Wanda ke kusa da ni ya ɗauka kirari nake yi, ya ɗaga mini hannu. Na juya na dinga dukan kan mota da tafi biyu. Modu ya ce ya ji, amma tun daga gari ake dukan motarsa ana kiɗa da ita.

Baffa ma ya gani. Ya taho da rarrafe ta tsakiyar layi yana mayar da ƙugiyoyi, inda ya samu dama ya zarga igiya. Sai tirela ta faɗa wani rami. Duka babura suka lotsa lokaci ɗaya. Ƙugiyar ciki ta babur ɗin Tasi'u ta fita. Idan bel ɗaya ya saki, ɗan'uwansa na ɗaya gefen ba ya jira, fizgar babur yake yi da duk ƙarfin da aka matse shi. Babur ya kwanta waje, Tasi'u a kai, kafaɗarsa da kansa sun bar mota suna saman kwalta, ƙafarsa a maƙale, ga bas a bayanmu kamar ta taɓa mu.

Baffa ya yi tsalle ya cafki bel ɗin da ya saki. Ya zame masa. Ya sake cafka, sai na ga ya juya hannunsa sau biyu ya naɗa shi. Mutumin da ya doke hannuna saboda wannan. Ya tokare ƙafa da weji ya kwanta baya, kamar yadda ake riƙe sa.

Na taho ina taka ƙafafun mutane. Direban bas ɗin baya ne ya ga abin ya danna oda bai saki ba, shi ne Modu ya duba madubi ya taka birki. Birkin ya sake watsa nauyin babur da na Tasi'u a kan bel. Ƙugiyar ta zo ta tsaya a cikin hannun Baffa. Bai saki ba. Sai da na iso na zarga igiya a kan babur ɗin na ɗaure a zobe, sannan na ce, "Baffa, na kama." Da muka warware bel daga hannunsa, ban gane hannun ba. Yatsu uku fata ce kawai ta riƙe su.

Abin da ya biyo baya shi ne har yau in na tuna nake rasa abin faɗa. Mota ta tsaya, kiɗa ya tsaya, jini yana bin katako yana ɗiga ƙasa. Na ɗaga kai na ce, "Jama'a, a taimaka a sauko da shi!" Suna ta salati, suna cewa sannu Baba, sannu Baba. Amma ba wanda ya sauka. Kowa yana zaune, hannu biyu a kan babur ɗinsa, yana kallon mutanen bas da suka fito suka kewaye tirela. Wani ma daga inda yake zaune ya miƙo mini hankici.

Tasi'u kaɗai ya zare ƙafarsa ya rarrafo. Ya tuɓe rigarsa ya yaga, ya ɗaure hannun Baffa daga sama, irin ɗaurin wanda ya san ƙyalle. Modu ya hau ya sungumi Baffa kamar yaro yana cewa, "Kai Bafillace, kai bawana, kada ka yi mini haka." Da muka sauka na waiwaya. An riga an tayar da babur ɗin Tasi'u, wani yana zaune a kai.

Tasi'u ya ce, "Malam, nawa ne."

Mutumin ya ce, "Ai ka sauka."

Modu ya rantse tirelarsa ba za ta motsa ba sai kowa ya sauka. Aka yi ta rigima a bakin titi. Mu dai wata motar haya ta dawo da mu birni, ni da Tasi'u da Baffa a tsakiya. A asibiti aka cire yatsun ukun. Babban yatsa da manuni suka rage.

Shekarar nan ita ce mummunar shekararmu. Magana ta bazu a tasha cewa ɗaurin Baffa ya kwance a hanya har ya kusa kashe mutum. Direbobin da suka saba nemanmu suka koma wurin wasu. Na koma tura babura sama a ƙarƙashin mutanen da na riga shiga sana'a. Baffa yana gida a Dukawuya, ba ya iya ɗaura ko mazagin wando. Tasi'u bai samu babur ba, da aka yi rabo an ce ba a gan shi ba.

Bayan damina Baffa ya dawo tasha, hannu a naɗe. Ya sa na ɗaure wani babur da bel a bayan mota, yadda muka saba. Ya tara masu ɗauri da direbobi ya ce kowa ya zo ya girgiza. Suka girgiza, bai motsa ba. Sai ya ce, "Ina Babarbaren nan? Hau. Yau dai cin kifinka zai yi amfani."

Modu ya hau ya yi tsalle ya dira. Ƙugiya ta faɗo, ƙyal. Da ba mu tare ba da ya sha ƙasa. Kowa ya matso yana duba ƙugiyar, domin duk wanda ke tsaye a nan da irin bel ɗin yake aiki, kuma da yawa sun sha barin mutum ya zauna a kan lodi. Baffa ya zaro wata siririyar roba da ya yanko daga robar cikin taya, ya kama ta da yatsunsa biyu, ya zagaya bakin ƙugiyar da zoben ya ɗaure. Ya ce Modu ya sake. Modu ya yi ta tsalle har ya yi gumi, bel yana laushi yana miƙewa, ƙugiya tana nan.

Daga ranar aiki ya fara dawowa. Ni nake ja, shi yana bin bayana yana rufe bakin kowace ƙugiya. Jan bel ya fi ƙarfinsa har abada, amma wannan yatsu biyu sun isa. Shi ya sa kuke ganin robobi rataye a wuyana kuna dariya. Kuma shi ya sa ko uban waye ba ya zama a kan lodina, in ya zauna ni da direba ba inda za mu.

Da Sallah ta zo Tasi'u ya kawo wa Baffa riga har tasha, farar shadda, ɗinki mai kyau. Baffa ya sa. Sai muka ga hannun rigar na dama ya fi na hagu tsawo, ya sauko ya rufe yatsun gaba ɗaya.

Modu ya ce, "Tela, awonka ya karkace, ko Bafillacen ne ya karkace?"

Tasi'u ya sunkuyar da kai ya ce, "Da gangan na yi, Baffa. Don masallacin Idi, kada a yi ta kallo."

Baffa ya ɗaga hannun rigar ya duba, ya yi masa godiya, ya sa masa albarka. Sannan ya tuɓe ta ya miƙa masa.

Ya ce, "Je ka rage shi daidai da ɗan'uwansa. Masu zuwa koyon aiki ba sa jin magana, sai sun gani."